JAWABI A KAN ƊAUKAR HOTON GARKEN TAURARI NA ANDOROMEDA

Allah Ya ja zamanin Sarkin Hausawa, Allah Ya gafarta malamai. Shugabannin ƙungiya, iyaye, 'yan'uwa 'yan kasuwa da matasanmu na Sabo, muna yi muku barka da zuwa.

An ba mu dama mu yi magana a kan wani abin da wasunmu suka tsunduma a cikinsa, wato ɗaukar hoton taurari da dare. Mun san wani zai ce, mai sayar da goro ina ruwansa da taurari? To, jama'a, a yi mana haƙuri a saurara.

Iyayenmu a Arewa sun san sama. Sun san Zara da Gamzaki, sun san Kaza da 'ya'yanta, malamai kuma suna lissafin damina da taurari irin su Surayya da Nasara da Ɗarfa. Yau ɗanmu da aka haifa a nan Ibadan bai san ko ɗaya ba. Ba laifinsa ba ne, hasken lantarki da hayaƙin janareta sun rufe masa sama. Abin da muke so mu nuna shi ne, da kayan da ke hannunmu za mu iya mayar wa yaran nan da sama, har su ga abin da kakanninsu ba su gani ba.

Rana da duk taurarin da muke gani da ido suna cikin garke guda ne, wanda masana ke kira galaksi. Akwai garkuna irinsa bila adadin. Babban garke mafi kusa da namu shi ne Andoromeda. Siffarsa kamar faifai take: tsakiya mai haske, sannan hannuwa sun naɗe suna kewaya ta, yadda mai saƙa ke naɗa kaba. Daga nan duniya a karkace muke ganin faifan, shi ya sa yake fitowa da tsawo kamar ƙwai. Masana sun ƙiyasta taurarin cikinsa sun kai wajen miliyan sau miliyan.

Nisansa fa? Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan kai yake yi. Amma hasken Andoromeda sai ya yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso. Duk da haka, a wuri mai duhu ana ganinsa da ido, kamar ɗan ɗigon hayaƙi.

Wanda ya fara rubuta labarinsa a littafi, malami ne na ƙasar Farisa, Abdurrahman al-Sufi, cikin littafinsa na siffofin taurari wajen shekara ta 964 Miladiyya, inda ya kwatanta shi da ɗan gajimare. A 1764 wani Bafaranshe, Charles Messier, ya sa shi lamba 31 a jerinsa, shi ya sa har yau ake ce masa M31.

Ga inda muke so 'yan kasuwa su buɗe kunne. Mutumin da ya ɗauki hoton da ya nuna naɗin faifan nan a fili ba farfesa ba ne. Isaac Roberts ɗan kwangilar gini ne a Ingila, wanda ya sa dukiyarsa ya mallaki madubin hangen nesa mai faɗin inci 20 don sha'awa. A watan Disamba na 1888 ya bar kyamararsa a buɗe awa 4 tana kallon wuri guda. Shi kansa ya ɗauka wata rana ce ake haifa tare da duniyoyinta. Sai a 1923 Edwin Hubble, da madubi mai inci 100 a Dutsen Wilson na Amurka, ya gano wani tauraro a ciki wanda ya ba shi damar auna nisa, aka tabbatar garke ne mai zaman kansa, can waje da namu. Kun ga ke nan, ɗan kasuwa ya share fage, masani ya zo ya gina.

To, yaya ake ɗaukar hoton? Sirrin duka ɗaya ne. Ido ba ya tara haske, abin da ya gani yanzu ya wuce. Kyamara kuwa kamar ƙwarya ce a yayyafi, in ka bar ta ta daɗe sai ta tara ruwa. Matsalar ita ce duniya juyawa take yi, in ka bar idon kyamara a buɗe ya wuce kima, taurari sai su zama zare-zare. Masu wannan aiki suna da ɗan lissafi: ka raba 500 da lambar tsawon gilashinka. In mai milimita 50 ne, kada ka wuce daƙiƙa 10, gara ma ka rage.

Daƙiƙa 10 ba ta isa ta nuna komai ba. Saboda haka sai a yi adashi. Ka ɗauki hoto 200 ko 300, kowane da ɗan hasken da ya samu, kana gyara saitin kyamara lokaci-lokaci don garken kada ya fice. Sannan ka rufe gilashin da murfinsa ka ƙara ɗaukar kamar 20 na baƙi ƙirin, waɗanda za su nuna dattin da kyamarar kanta ke haifarwa. In ka koma gida sai ka zuba su duka a kwamfuta. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Siril da DeepSkyStacker, masu jera hotunan a kan juna, su haɗa zubin kowa su cire datti. Nan ne za ka ga kwasar adashi: tsakiya mai ruwan ƙwai, baƙaƙen layukan ƙura, da 'yan ƙananan garkuna biyu a gefensa, M32 da M110. Faɗinsa a sama ya kai wajen wata shida in an jera su, don haka ba sai da ƙaton madubi ba.

Kayan aiki: kyamara wadda mutum ke iya saita ta da hannu, ko ta hannu ce ta wadatar, da ƙafa uku mai ƙarfi, da batir na ƙari. A saita ganin gilashin a kan tauraro mai haske har ya zama ɗan ɗigo. A sa agogon kyamara ya danna da kansa, don hannu yana girgiza ta. Wayoyi masu tsarin hoton dare su ma suna kama shi, ko da yake ƙanƙane zai fito.

Lokaci kuma, a nan Kudu ƙofar ƙarama ce. Hadari ba ya barin sama sai ƙarshen Oktoba, hazo kuma yana shigowa a Disamba. Nuwamba ce damarmu. A tsakiyar watan, tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, ka fuskanci arewa, za ka ga taurari biyar sun yi siffar harafin M. Ka ɗaga kai sama da su, can ne yake. A lokacin Kaza da 'ya'yanta tana ta gabas. Farin wata yana kashe shi, amma mu wannan bai zame mana wahala ba tunda muna riƙe da lissafin wata: daga 25 ga wata zuwa 3 ga na gaba, dare namu ne. A ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, kada a duba waya. A riƙa lura da raɓa, don a ƙasar nan ba ta da wuya ta rufe gilashi.

Akwai magana mai muhimmanci. Dole a fita bayan gari, mu kuwa baƙi ne a ƙasar mutane. Samari biyar a daji da tsakar dare, da wani ƙarfe mai ƙafa uku, kowa ya gansu zai yi wani zato. Kada wani yaro ya fita ba da sanin Sarki da iyayensa ba. A je da rana a gaida Bale na ƙauyen, a sanar da 'yan banga, a gayyaci yaransu su zo su leƙa tare da namu. In hoto ya fito, a wanke ɗaya a kai masa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Roƙonmu ga ƙungiya guda biyu ne. Na farko, a sayi kyamara ɗaya da ƙafa uku a ajiye a ofis, a riƙa ba da aro da sa hannu. Na biyu, a ware dare ɗaya a Nuwamba mai zuwa a fita da ɗalibanmu, maza da mata, tare da malamansu. Yaron da ya yi lissafin daƙiƙa ya ga sakamakonsa da idonsa, ba zai ƙara cewa lissafi ba shi da amfani ba. Ƙasar nan tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, da cibiyarta ta ilmin taurari a Nsukka. 'Ya'yan wasu ne ke aiki a can, babu abin da ya hana a samu ɗan Sabo a cikinsu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.