Mai Gina Rukunin Gidaje Ya Taimaka Da Makaranta



Duk wanda ya bi hanyar Lekki zuwa Epe a Jihar Ikko zai ga rukunin gidaje suna ta tashi, kowanne da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Kamfani ya gina, ya sayar, ya kwashi riba, ya yi gaba. To, 'ya'yan maigadi da direba da mai ga-ruwa fa, ina za su yi karatu? Makarantar da ke kusa ta kuɗi ce. Ta Gwamnati kuwa sai an shiga mota, in an je ma a tarar aji ya cika maƙil.

A Ingila an nemo wa wannan ciwo magani. Sashe na 106 na dokar tsara garuruwa ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙulla yarjejeniya da kamfani kafin ta ba shi iznin gini: ko ya ware filin makaranta, ko ya biya kuɗin ƙara azuzuwa. Masu kamfani sukan ce kuɗin gida zai hau. Mai yiwuwa ne, amma ai su suka jawo jama'ar wurin.

A nan ma hanya a buɗe take. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, watau shi ke ba da takardar mallaka, saboda haka yana iya gindaya sharaɗi. Tsakanin 1979 da 1983 marigayi Alhaji Lateef Jakande ya gina gidaje da azuzuwa da kuɗin Gwamnati, har ya soke karatun kashi-kashi, na safe da na yamma. Yanzu galibi kamfanoni ke ginin.

Ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba su kai maganar nan gaban Majalisar Dokoki ta Jiha tun filayen ba su ƙare ba.