Jawabi ga jama'ar Gaya: me ke sa a ɗage ranar fiɗa?



Mutum yana fama da ƙaba ko gwaiwa. Likita ya sa masa ranar fiɗa. Ya saida buhun gero, ya taso daga Tanda ko Bengu, ya zo asibitin Gaya, ko ma ya yi tafiyar kilomita wajen 150 har Doso. Sai a ce masa: «Koma gida, ba yau ba.» Kuɗin mota sun tafi, ciwo yana nan. Me ya kawo haka?

Wani lokaci dalilin yana can asibiti. Wuta ta ɗauke, ko an kawo mace mai doguwar naƙuda, ko wanda mota ta buge. Tilas a fara da su, don ransu yana cikin hatsari.

Amma sau da yawa dalilin yana wajenmu.

1. Abinci. Kafin a sa maganin barci, ana son ciki ya yi awa 6 babu abinci. Fura da koko da goro duk abinci ne. In akwai abu a ciki, mutum yana iya yin amai, aman ya shiga huhu, ya halaka shi. In ka ci, faɗi gaskiya.

2. Wata cuta. Zazzaɓin sauro, tari ko hawan jini suna hana fiɗa. In sun kama ka, je asibiti tun ranar ba ta zo ba.

3. Jini. Wata fiɗar ba a soma ta sai da jini a ajiye. Taho da dangi biyu ko uku masu lafiya, masu shekara 18 zuwa sama. Jiki yana mai da jinin da aka bayar.

4. Magani. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har saiwa da jiƙo.

5. Makara. Karanta rana da awa a takardarka. In garinku da nisa, kwana a Gaya. Da damina, ka tuna da halin hanya.

In an ɗage ranarka, kada ka yi fushi ka zauna gida. Tambayi dalili, ka karɓi sabuwar rana kafin ka tafi. In ƙaba ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, kada ka jira wata rana: a kai ka asibiti nan da nan, ko da tsakar dare.

Allah ya ba mu lafiya.