Yaron da tsoro ya kulle wa baki a aji: abin da za mu nema masa a lakwal



Mu malaman lakwal ƴaƴanku ne, ba mu isa mu koya muku renon yaro ba. An dai ba mu dama mu faɗi abin da ake gani daga gaban allo, wanda ba a hangensa daga zaure. Maganarmu ta yau a kan yaron da karatu yake yi wa nauyi ne saboda wata lalura, sa'an nan tsoro ya hau kan lalurar ya danne shi. Wannan yaro yana da haƙƙi a kan makaranta, kuma akwai hanyar da ake bi a karɓo masa haƙƙinsa. Amma fa sai an je an nema, kuma ya kamata a nema tun kafin maigida ya hau mota.

Yadda za a gane shi

Da safe idan an ce a tafi lakwal, sai ya ce cikinsa na ciwo, ko kansa. Ranar da babu lakwal kuwa lafiyarsa ƙalau. Wani ya fita da jakarsa, amma ya ɓuya a bayan rumbu har a tashi. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Wani a gida bakinsa ba ya rufuwa, amma a aji ko sunansa aka tambaya sai ya sunkuyar da kai, jikinsa na rawa. Sai mu ce taurin kai ne, ko lalaci, ko mu ce iska ta taɓa shi. Idan ƴa mace ce, sai mu ce kunya ce, har mu yaba mata, daga nan a cire ta a ba ta farantin talla.

Wannan tsoro da ya wuce kima ciwo ne da likitoci suka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da shi a duniya, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa. Ciwon cikin da yaron yake faɗi ba ƙarya ba ne, tsoro ne yake murɗa masa ciki.

Abin da ke ƙarƙashin tsoron

Sau da yawa akwai lalurar da ba a gano ba. Wani kunnensa ne ba ya ji sosai. Wani ba ya ganin rubutun allo daga nesa. Wani yana da i'ina, yara na yi masa dariya. Wani yana da farfaɗiya, yana fargabar ta kayar da shi a gaban jama'a. Wani kuma fahimtarsa ce take tafiya a hankali, ko haruffa suke rikice masa alhali yana da wayo a kan komai.

Kada mu manta da abin da ya same mu a nan. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Fiye da rabinsu, watau 342, a gundumar Dungas suke, kuma cutar ta taɓa Magarya da Matameye da Mirya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka warke daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yana iya tashi da tabo mai daɗewa: raunin ji, ko farfaɗiya, ko wahalar riƙe karatu. Haka nan zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da tamowa mai tsanani tun yaro yana goye, da kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa. Waɗansu daga cikin yaran da suka tsallake waɗannan cututtuka suna zaune a azuzuwanmu yau.

A kan wannan kuma ga harshe. Mu da aka horar da mu aikin malanta da Faransanci, mun san nauyinsa a kunnen yaro ɗan shekara 7 da bai taɓa jinsa a gida ba. To, ina ga wanda rabin maganar ma ba ta isa kunnensa? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Saboda haka kada uba ya ji nauyin roƙon mushe ya maimaita wa ɗansa bayani da harshen da yake ji.

Abin da ya sa bulala ba ta magani

Idan tsoro ya kama mutum, zuciya ta buga, numfashi ya gajarta, abin da ya sani ma sai ya ɓace masa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in kan iyaka ba shi da takarda ya san wannan. Idan aka doki yaro don bai ba da amsa ba, gobe tsoronsa ya ninka, amsar ta ƙara nisa. Idan kuma aka bar shi a gida don tausayi, sai ya ji sanyi a ransa, ya koyi cewa gudu shi ne mafita, komawa ta ƙara wuya. Hanya ta tsakiya ita ce ya ci gaba da zuwa, amma a rage masa abin da ke firgita shi, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da sannu ake yi, in an yi da ƙarfi karyewa yake.

Ba alfarma muke roƙo ba

Dokar tsarin ilimi ta Nijar, mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma ta tanadi ilimi na musamman ga masu lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman. A Disamba 2019 aka sake yin doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin al'amuran jama'a. Tun kafin nan, a 1994, ƙasashe 92 sun taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka yarda cewa makarantar unguwa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, ta gyara kanta don ta dace da shi. Doka tana nan a rubuce, amma takarda ba ta da ƙafa, mu ne ƙafarta.

Matakan da za a bi

Na ɗaya, a lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka uwa da kaka su ne shaidu na farko. A yi mako biyu ana kula: wace rana ciwon yake tashi, me yaron yake cewa, yaushe abin ya fara, ya biyo bayan wata rashin lafiya ne? A sa wani ya rubuta, ko da ajami ne.

Na biyu, a kai shi asibiti a nan Bande, a ce a duba kunne da ido, a faɗi duk cutar da ya taɓa yi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Magarya, daga can kuma babban asibitin Damagaram. A adana karnen asibiti da kyau. Addu'a ba ta hana wannan, a haɗa su biyu. Mu kuma sani farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma kusan mutum 7 cikin 10 suna daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace suna sha a kan kari.

Na uku, a ga mushe da darakta. Kada a faɗa musu aji ana cikin darasi, kada kuma a je da faɗa. A nemi lokaci, a zauna, a nuna abin da aka rubuta da takardar likita. Sa'an nan kada a tsaya ga cewa "a taimaka masa". A ambaci abin da ake so ɗaya bayan ɗaya:

1. A zaunar da shi a gaba, kunnensa mai ji yana wajen mushe, mushe kuma ya fuskance shi idan yana magana.
2. Kada a kira shi gaban allo ba zato, a sanar da shi tun da wuri abin da za a tambaye shi.
3. A bar shi ya ba da amsa a kan ɗan allonsa har bakinsa ya saki.
4. A rage masa yawan aiki, a ƙara masa lokaci.
5. A ajiye masa aboki mai haƙuri kusa da shi, a hana kiransa da sunan tsokana.
6. Kada a doke shi don ya yi shiru, kuma a bar shi ya fita kewaya idan ya matsu.
7. Idan ya riga ya daina zuwa, ya fara da rabin yini, wani babba ya raka shi har ƙofa.

Duk cikin waɗannan babu wanda yake cin ko dala ɗaya.

Na huɗu, a rubuta abin da aka shirya a cikin littafi, kowa ya sa hannu, a sa ranar sake zama bayan wata ɗaya. Abin da ya yi amfani a riƙe, wanda bai yi ba a canza.

Na biyar, idan abin bai motsa ba, a kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta, wanda muka saba kira Kojes, a takarda kuma CGDES, tare da ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. In nan ma ba ta ƙare ba, a rubuta wasiƙa zuwa ga mai ba malamai shawara, watau kwanseye, da insifekta, a riƙe kwafe ɗaya a gida. A tuna dai mushe ɗaya ne a gaban yara masu yawa, wani lokaci a cikin ajin zana. Uban da ya zo a matsayin abokin aiki ya fi saurin samun biyan buƙata.

Na shida, yaron da ba ya ji ko kaɗan akwai makarantar kurame a Damagaram da Maraɗi da Yamai, akwai kuma ta makafi a Yamai. Amma yawancin yaran da muke magana a kansu ba sa buƙatar barin gida, kujerar gaba da haƙuri suke buƙata.

Gare ku ƴan ci-rani

Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, ku kuma da an gama kaka kuke tafiya. Watannin da yaro ya fi buƙatar mai tsaya masa su ne watannin da ba ku nan. Uwa kuwa sau da yawa tana jin nauyin shiga ofishin darakta ita kaɗai. Don haka kafin ku tafi ku naɗa wakili, baffa ko kawu ko maƙwabci amintacce, ku kai shi gaban darakta ku gabatar da shi, ku bar lambar wayarku. Idan kun kira gida, kada tambayar farko ta zama "na nawa ka zo?" Ku tambaye shi da wa ya zauna yau, me ya ba shi dariya. Kada ku yi masa alkawarin duka ta waya, domin zai kwana da shi har ku dawo. Kuma don Allah kada a ce tun da boko ya ƙi shi, a tafi da shi ci-rani, ko a aurar da ita. Lalurar da ba a yi wa magani ba tana bin yaro duk inda aka kai shi.

Roƙonmu ga ƙungiya

Abu uku muke sawa a gaban dattawa. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa raka iyaye wajen darakta. A ware wani abu daga kuɗin da ƴan ci-rani suke aikowa, don kuɗin motar kai yaro Magarya ko Damagaram a duba shi. Sa'an nan a bi gida gida cikin sirri a san yaran da suka yi sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani, a gwada jinsu da ganinsu, ba tare da an yi shelar sunan kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗa kuma na kowa ne.

Mu malamai a shirye muke mu rubuta wasiƙa ga duk wanda yake buƙata, mu kuma karanta masa takardar likita. Wanda yake da irin wannan yaro a gidansa ya same mu bayan an tashi taro, ko ya aiko wakilinsa cikin makon nan.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.