Ƙuri'ar Majalisa Ita Ce Turken Gwamnatin Jiha

 

Ɗan'uwa mai zaɓe, ranar zaɓen jiha za a miƙa maka takarda biyu, ɗaya ta Gwamna, ɗaya ta ɗan Majalisar Dokoki. Ta Gwamna kowa ya san inda zai dangwala tun daga gida. Ta ɗan Majalisa kuwa, yawancinmu sai mu ce ai wannan ƙaramin abu ne, a ba ɗan unguwa, ko a ba wanda ya raba sabulu da atamfa. To, ina so ka ba ni aron kunnenka, domin a kan wannan ƙaramar takarda gwamnatocin jihohi suka sha kifewa a ƙasar nan.

Mu fara da Jihar Yamma. A watan Mayu na 1962 jam'iyyar Action Group ta rabe biyu, ɓangaren Cif Awolowo da ɓangaren Firimiya Akintola. Da Majalisa ta zauna a Ibadan don a san wanda ke da rinjaye, sai aka kaure da dambe, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar Majalisa, har 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa cikin zauren. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Majekodunmi Kantoma. Wutar ba ta mutu ba. Bayan zaɓen Oktoba na 1965 aka shiga ƙone gidaje da motoci, ran 15 ga Janairu 1966 kuma soja suka yi juyin mulki, muka rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Rikicin da ya tashi a zauren Majalisar jiha ɗaya, ƙasa duka ta ɗanɗana kuɗarsa.

Mu dawo gida. A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya zama Gwamna. Amma a Majalisa mai kujera 99, NPN ce ta kwashe fiye da 60. Gwamna ya aika da sunayen kwamishinoni, Majalisa ta ƙi. Ya sāke aikawa, ta sāke ƙi. Haka jihar ta zauna kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni 1981 Majalisa ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Ko wane ɓangare ka ba gaskiya a wannan rigima, abin lura shi ne mutanen da suka zaɓi Gwamnan su ne suka zaɓi Majalisar da ta cire shi. Hannun dama ya gina, na hagu ya rushe.

Kada ka ce wannan labarin jiya ne. A Janairu 2006 'yan Majalisa 18 daga cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo, bayan sun yi zamansu a otal. Sai a Disamba Kotun Ƙoli ta mayar da shi, ya yi asarar wata 11. A Nuwamba na shekarar, mutum 6 kacal daga cikin 24 suka ce sun tsige Gwamna Joshua Dariye na Filato, kotu ta soke. A 2014 aka tsige Gwamna Murtala Nyako na Adamawa, kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba, amma sai a 2016, bayan wa'adinsa ya riga ya ƙare. Wa zai biya talakawa waɗannan shekarun?

Na kusa-kusa shi ne na Jihar Ribas. Daga 2023 Majalisa mai mutum 32 ta dāre, 27 suka juya wa Gwamna Siminalayi Fubara baya. Gobara ta tashi a zauren Majalisa, daga baya aka rushe ginin, Gwamna ya kai kasafin kuɗi na naira biliyan 800 gaban mutum 4. A Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta ce a tsayar da kuɗin da jihar ke samu daga Tarayya sai an yi kasafi bisa doka. Ran 18 ga Maris Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna da mataimakiyarsa da Majalisa baki ɗaya, aka kawo tsohon hafsan sojan ruwa ya riƙe jihar wata 6. Mutane sun yi layi cikin rana sun zaɓa, ƙarshenta wanda ba su zaɓa ba ya mulke su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa ɗan Majalisa ke da wannan ƙarfi? Tsarin Mulki na 1999 ne ya ba shi. Gwamna ba shi da ikon kashe kuɗin jiha yadda ya ga dama sai Majalisa ta amince da kasafi. Ba ya naɗa kwamishina sai ta tabbatar. Sashe na 188 kuma ya ce kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisa na iya sa hannu a takardar tuhuma, kashi biyu cikin uku su ce a bincika, Babban Jojin jiha ya naɗa mutum 7 su duba, in sun sami laifi kashi biyu cikin uku su sauke Gwamna. Yi lissafi da kanka. A Majalisa mai mutum 24, mutum 8 sun isa su tayar da ƙura, 16 sun isa su kawar da wanda dubban ɗaruruwan mutane suka zaɓa. An yi wannan doka don a kare ka daga azzalumin Gwamna. In ta faɗa hannun masu sayar da kansu, sai ta zama wuƙar ciniki.

Kuma in ana wannan tirka-tirka, wa ke shan wuya? Malamin makaranta ne da albashinsa ya maƙale. Manomi ne da taki bai iso ba sai bayan damina ta yi nisa. Mai naƙuda ce da ta je asibiti ta tarar babu magani. Ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa ya bar hanya rabi, don bai san wa zai biya shi gobe ba. Su kuwa masu faɗan suna Abuja da lauyoyinsu.

Wani zai ce, to ashe so kuke a ba ku Majalisar 'yan amshin Shata. A'a. Majalisar da ba ta iya tambayar Gwamna ina kuɗi suka tafi, ita ma cuta ce, kuma ba ma sonta. Abin da jam'iyyarmu ke nema shi ne Gwamna da 'yan Majalisa masu manufa ɗaya, waɗanda za su yi gardama a kan aiki cikin zaure, da rana tsaka, a gaban jama'a.

Saboda haka ga alkawarin da 'yan takararmu suka ɗauka. Na ɗaya, Majalisa ba za ta zauna a otal ko gidan wani ba, sai a zaurenta. Na biyu, wanda ya ci zaɓe da tutarmu ya sauya sheƙa, za mu nemi kujerar a kotu bisa sashe na 109, a dawo muku da ita ku sāke zaɓe. Na uku, za a kai kasafin kuɗi gaban cikakkiyar Majalisa kafin shekara ta ƙare, a karanta shi da Hausa a rediyo. Na huɗu, kowane ɗan Majalisarmu zai zo mazaɓarsa bayan wata uku-uku ya faɗi abin da ya yi, ku yi masa tambaya. Ajiye wannan takarda. Ranar da muka saɓa, ka fito da ita ka nuna mana.

Kafin ranar zaɓe, nemi sanin sunan mai neman kujerar Majalisa a mazaɓarka. Tambayi sana'arsa, tambayi wanda ya tsaya masa da kuɗi, tambayi jam'iyya nawa ya shiga ya fita. Uwargida, ke ma ki tambaya, ki gaya wa maƙwabta. In ka shiga rumfa, dangwala wa jam'iyyarmu a takarda ta farko, ka dangwala mata a ta biyu, sa'an nan ka tsaya har a ƙidaya a gabanka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Nasara tamu ce da yardar Allah.