Yoyon Jirginmu da Yadda Za a Magance Shi

Jawabin da tsohon hedimasta, ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, ya gabatar a taron shekara



Kwamiti ya nemi in yi magana a kan ilimin yara, kamar yadda aka saba ɗora mini. Na roƙi alfarma a sauya mini, domin yaran da za a ilimantar sai sun haye ruwa kafin su kai aji, jirgin da ke haye da su kuwa yana yoyo. Ina nufin jirgin alminiyam ɗin nan da kuka yi karo-karo kuka saya wa gari. Shi ke fiton 'yan makaranta daga gungu da safe, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. A yau ba ya tashi daga kwata sai da yaro guda a zaune a tsakiyarsa, riƙe da kwano yana kwarfar ruwa.

Ku da ke zaune a Kaduna da Kano da Abuja da Legas, na san wasunku sun daɗe rabonsu da hawa ruwa, don haka bari in tuna muku. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye filaye da dazuzzuka, ya bar kututturan itatuwa a tsaye a ƙarƙashinsa. Idan ruwa ya ja baya, su ne ke gurzar cikin jirgi. Ba mu kuma manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, da yawansu ba su koma gida ba. Wanda ya ga zaman makokin wannan shekara ba zai kira yoyo ƙaramin abu ba.

Ra'ayi biyu nake ji. Wasu daga birni sun ce a yar da shi a sake karo-karo a sayi sabo. Wasu a gida sun ce a cusa masa tsumma a shafe da kwalta, kamar yadda ake yi wa kwale-kwale. Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Jirgin nan bai mutu ba, kuma maganin katako ba ya yi masa. Katako yana shan ruwa ya kumbura ya matse abin da aka cusa masa. Sanholo ba ya kumbura. Kwaltar da aka shafa masa rana za ta narkar da ita, girgizar inji ta ɓamɓare ta, kafin nan kuma ta rufe wurin da ya kamata ido ya gani.

Kafin in ci gaba, zan faɗi laifina, domin wanda ya shekara talatin yana hukunta yara a kan ɓoye laifi bai kamata ya ɓoye nasa ba. Bara, da aka ga tsaga a bayan jirgin, ni ne na sa aka kira wani mai walda na bakin hanya. Mutum ne gwani a kan ƙyauren ƙarfe da gadon ƙarfe, ban raina sana'arsa ba. Da ya ɗora wuta, kafin in ce a dakata, tsagar da ba ta fi tsawon yatsa ba ta zama rami. Wannan kunya ce ta sa na koma ɗalibi, na yi ta tambayar masu aikin jirage har na fahimci abin da zan gaya muku.

Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ƙasa ƙwarai da baƙin ƙarfe, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, ba ya yi wa mai walda gargaɗi. Bugu da ƙari, da zarar iska ta taɓa shi sai wata 'yar fata ta rufe shi, ita kuwa ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Wato kafin wuta ta ci fatar, naman da ke ƙarƙashinta ya riga ya zube. Shi ya sa waldarsa ke bukatar inji na musamman mai aiki da iskar agon, da hannun da ya saba. Jirginmu kuma ba da walda aka haɗa shi ba, da ƙusoshin rifit ne. Zafin wuta yana sassauta ƙusoshin da ke kusa, ya ƙone abin da aka liƙe haɗin da shi, a toshe kafa ɗaya a buɗe uku.

To, yaya ake yi? Ba a neman yoyo a cikin ruwa, a tudu ake nemansa. A cire inji da tankin fetur da batir, a jawo jirgin waje, a ɗora shi a kan gungume ko tsofaffin tayoyi yadda mutum zai iya leƙa ƙarƙashinsa. A wanke, a bari ya bushe sarai. Sannan a zuba masa ruwa a ciki, kamar inci 3 ko 4 kacal. Kada a cika shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, jirgi kuwa an ƙera shi ne don ruwa ya tallafe shi ta waje, ba don ya ɗauki tafki a cikinsa ba. Sai mutum ya kwanta a ƙasa da alli a hannu, duk inda ya ga ɗigo ya zagaye shi. A karkata jirgin dama, a karkata hagu, don a gwada gefuna. Alli dai ban rabu da shi ba har bayan ritaya.

Mafi yawan abin da za a tarar ƙusoshi ne da suka saki. Alamarsu baƙin zobe ne a kewaye da kan ƙusa, wanda gugar ƙarfe da ƙarfe ke haifarwa. Gyaransu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗaya ya bubbuga gindinta da guduma ta ɗaya gefen, a hankali, har ta baje ta kama. Ba bugun sara ba ne. Wanda ya cika ƙarfi zai lotsa jikin jirgin ya faɗaɗa ramin. Ƙusar da ta ƙi kamawa a huda ta a fitar, a shafa gam na jirgin ruwa, a sa sabuwa wadda ta ɗan fi ta kauri.

A nan ne nake so ku saurara da kyau, domin a nan aka fi cutar jirgin. Sabuwar ƙusar dole ta zama ta alminiyam. Na ƙirga kusoshin baƙin ƙarfe guda bakwai da noti a jikinsa, har da wayar tagulla da wani ya ɗaure wurin zama da ita. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin danshi, sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Tagulla ta fi kowa mugunta. Tsohon kwabo guda, idan ya faɗa ƙarƙashin dabe ya kwana biyu a cikin ruwa, yana iya barin tabonsa. Haka kuma kayan da ake lodawa: gishiri, takin zamani, siminti, kanwa. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan, sun ga abin da kanwa ke yi wa tukunyar sanholo. Buhu ya yage, garin ya jiƙe a gindin jirgi, ba a wanke ba, bayan 'yan watanni sai ka ga ƙananan ramuka kamar zanzana.

Irin waɗannan ramuka ana cike su da gam mai haɗi biyu, wanda ake kira efoksi. Sirrinsa shiri ne. A goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ko da buroshin ƙarfen da ba ya tsatsa, ba buroshin da aka taɓa goge baƙin ƙarfe da shi ba. A share maiƙo da tina, a shafa gam nan take kafin fatar nan ta yi kauri, a bar shi ya kwana ya ƙame. Gaggawar komawa ruwa ita ke ɓata wannan aiki.

Tsaga kuwa, wadda ta fi fitowa a allon baya inda inji ke girgiza, sai a fara huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya. Sannan a yanko fallen alminiyam mai kauri irin na jirgin, wanda ya zarce tsagar ta ko'ina, a shafa gam a tsakani, a kama shi da rifit a kewaye. Ramin da na jawo bara ma haka za a yi masa maho. In har aka ga wurin da babu makawa sai walda, a kai wa mai injin agon, kuma kada wuta ta kusanci jirgin sai an tabbata babu ko ƙanshin fetur a cikinsa.

Abin da muke nema a wurinku bai kai kuɗin sabon jirgi ba ko kusa. Kayan aikin nan a biranenku suke, babu su a kasuwarmu: ƙusoshin rifit na alminiyam, falle guda, efoksi, gam na jirgin ruwa, injin huji mai batir. Muna roƙon reshe ɗaya ya ɗauki nauyin sayensu, wani reshen ya ɗauki nauyin samari biyu daga 'ya'yan Sarkawa su je su koyi aikin a wurin masu yinsa. Rigunan kariya da kuka aiko tare da jirgin saura kaɗan, su ma a duba. Na kuma ba matuƙin littafi irin na rajistar aji, ya riƙa rubuta kwano nawa aka kwarfe a kowane fito, domin ranar da lissafin ya fara hawa mu sani tun kafin kafar ta girma.

Shawarata ga kwamiti ita ce a fitar da jirgin a hutun makaranta mai zuwa, aikin ba zai wuce mako guda ba idan kaya sun iso. Kafin nan na roƙi matuƙin ya rage yawan yaran da yake ɗauka, ya riƙa yin sawu biyu, ya kuma daina fita bayan magariba sai don marar lafiya. Kuɗin man sawu na biyu, ni zan biya daga fanshona har zuwa hutun.