Jawabi a kan Shukar Alkama da Takinta

Ko wace safiya ku kan sayi burodi wurin mai shayi, amma mafi yawan alkamar da a ke yinsa da ita daga ƙetaren teku ta ke zuwa. A 1987 Gwamnati ta hana shigo da ita domin a noma ta gida. Bayan 'yan shekaru aka janye hanin, don abin da aka noma bai ishi ƙasa ba. To, da yawa cikinku kuna da gonaki a gida, wajen Kura da Kadawa a ƙasar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta hanyoyin da aka haƙa. Ga abin da ya kamata ku riƙe kafin ku tafi noman rani.

Alkama 'yar sanyi ce. Daga shuka zuwa girbi ta kan yi wata uku da 'yan kwanaki. In ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, za ta fid da kai cikin hunturu, sa'ad da dare ke da sanyi, ƙwaya ta cika sannu a hankali, ta yi nauyi. In kuwa ka yi jinkiri har Janairu, sai zafin Maris ya same ta tana ɗaukar ƙwaya, ta nuna da gaggawa, ta tsamure. Abin da ya kan jawo jinkirin nan, shinkafar damina ce da ba a kwashe daga gona da wuri ba. Ka kwashe ta, ka gyara fili. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Sai maganar taki. Iri biyu ne ka ke bukata. Na fari shi ne kamfa, watau NPK, wanda a ke sa wa ran shuka domin saiwa ta kafu. Na biyu yuriya, bayan mako uku ko huɗu, lokacin da alkama ke fid da 'ya'ya daga gindi. Kada ka watsa yuriya bisa busasshiyar ƙasa ka tafi, gama ƙarfinta zai bi iska. Ka ba da ruwa nan da nan. Kada kuma ka cika ta, don kara zai yi tsawo ba ƙwari, iska ta kwantar da shi. Takin shanu da ya ruɓe, a zuba shi tun wajen huɗa.

Yanzu mu yi lissafi. Ga manoma biyu, gonarsu ɗaya a faɗi. Kuɗin huɗa ɗaya, na iri ɗaya, na ban ruwa da ƙwadago ɗaya. Na farko ya shuka cikin Nuwamba, na biyu cikin Janairu. Da na biyu ya ga ya makara, sai ya ƙara buhun taki bisa bashi. Ran awo, na farko ya fi shi buhuna, ya kuma fi shi ƙarancin bashi. Me ya sa? Taki yana ciyad da shuka, amma ba ya komo da sanyin da ya wuce.

Saboda haka ka tanadi iri da taki tun Oktoba. Ka tambayi malamin gona irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, kamar Norman, da yawan buhunan da gonarka ke so. Tun da yanzu ka iya rubutu, ka rubuta ranar shuka da ko wane kuɗin da ka kashe, domin ran girbi ka san ribarka da gaske. Allah ya ba da amfani mai albarka.