Ranar Da Kamfani Ya Janye Hannunsa: Jawabi Ga Ɗalibai Da Matasan Ma'aikata A Daura



Maganar da ta tara mu a yau ita ce ta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su Windows da Linux. Ita ce uwar gida a cikin na'ura: da izininta ake buɗe takarda, da izininta ake bugawa, ita ce kuma ke tsaron ƙofa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kowace irinta tana da wa'adi.

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows XP a 2001, ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 ta fito a 2009, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 kuwa, wadda ta fito a 2015, an janye mata hannu ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin wa'adin tsaro da aka ba masu amfani da ita a gida da suka yi rajista, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Janye hannu ba ya nufin na'ura za ta mutu. Za ta ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya babu mai toshe ta. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duniya ta ga haka a watan Mayu na 2017, lokacin da annobar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali kuwa maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a sa shi ba ne kawai.

To, ina wannan ya shafe mu? Daura ta zama garin makarantu. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ga kuma sakatariyoyin ƙananan hukumomi biyar na masarautar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Kwamfutocin da ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ke iya saye galibi na hannu ne, waɗanda Turawa suka gama moriyarsu. Ita kuwa Windows 11, da ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a jerin ƙwaƙwalwar Intel ba ta karɓar yawancin waɗanda suka girmi zubi na takwas. Ke nan na'ura lafiyayya sai a ce ta tsufa, ba don ta gaza ba, sai don an sauya ma'auni.

Mu Hausawa mun san zafin rashin jituwa tsakanin na'urori. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, sai da samfurin haruffa na musamman ake rubuta ɓ da ɗ da ƙ, kuma da zarar an kai takardar wata kwamfuta sai ƙugiyoyin su watse. Duk ofishin da zai sauya manhaja, wajibi ne ya fara gwada tsofaffin takardunsa da injin buga takardarsa.

Sa'an nan akwai abin da ke fita ba a ganinsa. Windows 10 da 11 suna aika wa kamfani bayanai game da na'ura da yadda take aiki. A samfurin Home da Pro ana iya rage su, amma babu maɓallin kashe su ɗungum. Wannan gata na samfurin manyan ma'aikatu da makarantu ne. A watan Yuli na 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa ta gargaɗi kamfanin kan tara bayanai fiye da kima, kuma ya yi gyara. Ba su yi shiru ba, shi ya sa aka saurare su. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Ma'aikacin da ya ajiye jerin albashi ko sakamakon jarrabawa a kan manhajar da wa'adinta ya wuce, ko ta sata wadda ba a san abin da aka cusa mata ba, amana ce ya bari a bakin hanya.

Shawararmu uku ce. Kada mu sayi kwamfuta sai mun tambayi wa'adin manhajarta. Mu shiga sashen sirri na saituna mu rufe abin da ke rufuwa, musamman lambar talla da bin sawun wuri. Tsofaffin na'urori kuma kada a zubar da su: Ubuntu kyauta ce, kuma samfurinta mai dogon zango yana samun kulawar shekara 5. Ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta ware rana guda kowane zango domin koyar da wannan. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda ya san ranar da za a karɓe shi ba ya kwana tsirara.

 Allah ya ba mu ilimi mai amfani.